Maikiron 40 a wane gefe? Yadda rabon roba a kan inji ke yanke ingancin leda da bututu

Daga ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnatin jihar Legas ta fara aiwatar da haramcin da ta sa wa wasu kayan roba na amfani sau ɗaya, ciki har da ledar zuba kaya wadda kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dokar ta Legas ce, amma duk masana'antar da ke son ledarta ta shiga kasuwannin can, a Sharaɗa take ko a Bompai a Kano, sai ta yi aiki da wannan adadi.

Sai dai adadin ya zo da tambayar da ba kowa ke yi ba: maikiron 40 a wane wuri na ledar? In aka auna leda guda a wurare goma, ba amsa ɗaya ake samu ba. Haka bututun ruwa, in aka yanka aka dubi bakin yankan, sau da yawa bangonsa ya fi kauri ta gefe guda. Haka silin roba da ya bar masana'anta a miƙe, ya sha rana kwana biyu ya lanƙwashe. Mutane kan ɗora laifin a kan rowar masu masana'anta, kuma akwai inda hakan gaskiya ne. Amma ko an zuba roba mai kyau isasshiya, yadda za ta rabu a jikin kayan yana hannun wani dunƙulen ƙarfe da ke ƙarshen inji, wanda ake kira kan inji, da yadda aka sassaƙa hanyoyin da ke cikinsa.

Daga ƙwaya zuwa bututu

Bututu, tiyo, leda, silin roba da rigar wayar lantarki duk hanya ɗaya ake bi wajen yin su. Ana narka roba a tura ta ta wata kafa mai siffar abin da ake so, ta riƙa fitowa ba yankewa. Bokiti da kujera ba haka ake yin su ba. Su a rufaffen mazubi ake cusa robar, ta cika, ta huce, a buɗe a cire.

Ƙwayoyin roba ko garinta suna shiga ta mazurari, su faɗa cikin doguwar ganga mai hita, inda wani dogon sukuru ke juyawa yana niƙa su yana tura su gaba. Zafin hita da na gogayya su ke narka su, galibi a wajajen digiri 180 zuwa 220 na ma'aunin Salsiyos, gwargwadon irin robar. Narkakkiyar robar tana barin gangar a dunƙule ta wata zagayayyiyar kafa. Aikin kan inji, wato ƙarfen da aka ɗaure a ƙarshen gangar, shi ne ya karɓi wannan dunƙule ya mayar da shi zobe in bututu ake so, ko shimfiɗa mai faɗi, ko siffa mai lunguna irin ta silin. A gaba akwai wurin sanyayawa da ke riƙe siffar, sannan injin ja da ke janye kayan.

A wannan injin jan ne ƙullin yake. Da gudu ɗaya yake jan kayan gaba ɗaya, ba ruwansa da gefen da robar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Don haka abin da ake nufi da daidaita gudun roba shi ne kowane sashe na bakin kan injin ya fitar da roba da gudu ɗaya, kuma daidai da wanda ake ja. Sashen da ya yi gaba zai tara roba ya yi kauri ko ya yi kunya-kunya. Wanda ya yi baya za a miƙe shi ya sirance, wani lokaci har ya yage.

Lissafin rata

Manomin rani ya san cewa in ya buɗe wa kwami biyu ruwa daga magudana ɗaya, wanda bakinsa ya fi faɗi kuma ya fi kusa shi ke cika tukuna. Roba ma hanyar da ta fi sauƙi take bi. Bambancin shi ne a cikin ƙarfe ɗan bambancin faɗi yana haifar da babban bambancin gudu.

Tushen lissafin ya girmi masana'antar roba. A wajajen 1840 wani injiniya Bajamushe, Gotthilf Hagen, da wani likita Bafaranshe mai nazarin gudun jini, Jean Poiseuille, kowa da nasa gwajin, sun gano yadda ruwa ke gudu a siririn bututu: in aka ninka faɗin bututun biyu ba a canza ƙarfin turi ba, ruwan da ke wucewa yana ninkuwa sau 16. In hanyar siririyar rata ce tsakanin ƙarafa biyu, kamar yadda take a kan inji, ninka ratar biyu yana ninka abin da ke wucewa sau 8. Tsawon hanya kuwa ba shi da irin wannan ƙarfi. In aka ninka tsawo biyu, gudun rabi kawai yake komawa.

Wannan lissafin na ruwa ne da mai, waɗanda danƙonsu ba ya canzawa komai gudunsu. Narkakkiyar roba tana da wata ɗabi'a: gwargwadon saurin da aka tura ta, gwargwadon yadda take tsinkewa, saboda dogayen zaruruwan da suka haɗa ta suna miƙewa su jeru da hanya. To inda rata ta fi faɗi roba na gudu, gudun ya tsinka ta, tsinkewar ta ƙara mata gudu. Shi ya sa ninka rata biyu kan ninka robar da ke wucewa sau 16 zuwa 32, ba sau 8 ba.

A ɗauki silin da ke da bango biyu, ɗaya milimita 2 ɗaya milimita 3. Ga ido bambancin kaɗan ne. Amma da robar da ke tsinkewa sosai, in aka ba su hanya mai tsawo ɗaya, ta bangon mai kauri za ta nemi fita da gudun da ya ninka na ɗayan kusan sau 5. Ko kuma a ɗauki kan injin leda mai ratar milimita 1 wanda ya kauce da milimita 0.05 ta gefe guda, kaucewar da ido ba ya gani. A lissafi robar da ke fita ta wannan gefen za ta iya ƙaruwa da fiye da kashi 25 cikin ɗari. A aikace ba ta kai haka, domin wata robar na ratsewa gefe kafin ta fito, amma ƙarfin abin ke nan.

Zafi ma yana da hannu. Roba ba ta ɗaukar zafi ta watsa shi da sauri kamar ƙarfe, don haka wadda ta baro sukuru da zafi ta gefe guda haka za ta isa baki, kuma mai zafin ta fi gudu. Hita ɗaya da ta mutu a jikin kan inji, ko iskar fanka da ke bugun gefe guda, ta isa ta karkatar da aikin da aka yi wata ana gyarawa.

Bayan ta fito ma ba ta zauna ba

Roba tana kumbura da zarar ta bar ƙarfe, domin zaruruwan da aka miƙe a matsatstsiyar hanya suna neman komawa yadda suke. Kumburin ba ɗaya ba ne ko'ina. In aka yanka kafa mai kusurwa huɗu daidai, abin da zai fito gefunansa a kumbure suke, saboda robar tsakiyar gefe ta fi ta kusurwa gudu. Mai son kusurwa huɗu na gaske sai ya lotsa gefunan kafar ciki. Ke nan siffar bakin inji ba hoton kayan ba ce.

Akwai kuma illar da ba ta bayyana a masana'anta. Wurin sanyayawa yana iya tilasta wa kaya su fito a miƙe ko da sassansu sun fito da gudu daban-daban. Sashen da aka miƙe fiye da kima yana daskarewa a ɗaure, kuma ranar da ya sami zafi zai tsuke fiye da maƙwabcinsa. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa silin roba ya banƙare ƙarƙashin kwano a watan Afrilu.

Inda masu ƙira suka rabu

Dabarar da ta fi tsufa ita ce wasa da tsawo. A ƙarshen kan inji akwai wani sashe da bangayensa ke tafiya a jere ba tsukewa ba buɗewa, wanda a al'adar sana'ar tsawonsa kan kai wajen ninki goma na ratar. Sai a tsawaita shi a inda roba ke gudu, a gajarta shi a inda take jan ƙafa. A misalin bangon milimita 2 da 3, in siririn ya sami tsawon milimita 20, mai kaurin zai buƙaci wajen 34. Masu son wannan hanya suna cewa tana barin ratar baki ta dace da kaurin kayan, don haka kowane sashe miƙa ɗaya yake sha. Rauninta shi ne tsawo ba shi da ƙarfi. In bambancin kauri ya yi yawa, robar da aka tare nan sai ta ratse ta koma can tun kafin baki, ga kan injin ya yi tsawo, matsi ya hau.

Wasu sun fi son taɓa ratar kanta, ko a can ciki kafin baki ko a bakin. Wannan na da ƙarfi ƙwarai saboda lissafin da ya gabata: ɗan aski kaɗan ya isa. Wannan ƙarfin kuma shi ne haɗarinsa, domin kuskuren mai sassaƙa ma haka yake ninkuwa. Kuma in ratar baki ta daina dacewa da kaurin kayan, sassan za su sha miƙa daban-daban, a dawo ga matsalar banƙarewa.

Hanya ta uku ita ce a gina siraran bangaye a ciki, a raba robar gida-gida yadda wannan ba ta ratsawa wurin waccan. Lissafi yana sauƙi, gyara ma haka, tunda taɓa gida ɗaya ba ya dagula sauran sosai. Amma duk inda roba ta rabu ta sake haɗuwa tana barin layin haɗi, kuma nan ne kaya suka fi saurin tsagewa. Ƙari a kan haka, ratsewar da aka toshe ita ce ke rage kaifin kuskure in zafi ko irin roba ya canza.

A aikace mafi yawan kawunan inji haɗin gambiza ne na waɗannan. Akwai kuma maganar da ƙwararru ke fara yi wa mai odar kaya, ko da ba ya son ji: a gyara zanen kayan tukuna, a sa bangayen su zama kauri ɗaya ko kusa da haka. Ya fi kowace dabara arha.

Bututu da leda

Zobe ya fi silin sauƙin siffa, amma yana da tasa matsalar. Dole a sa ƙarfe a tsakiya don ya buɗe ramin bututu, kuma dole wani abu ya riƙe ƙarfen. A kan injin bututun PVC siraran ƙafafu ne ke riƙe shi, roba ta rabu a kansu ta sake haɗuwa a gaba. Ana tsuke hanyar bayan ƙafafun don a matse robar ta narke cikin juna. In matsewar ba ta isa ba, bututun zai riƙa tsagewa a miƙe ta tsawonsa, a daidai layin ƙafar.

Ga leda da bututun folitin an fi amfani da ƙarfen tsakiya mai murɗaɗɗun kwaruruka. Roba na bin kwarin, kwarin na raguwa, ita kuma tana malalowa tana hawa kan ta maƙwabcinsa, har ta zama shimfiɗa bisa shimfiɗa ba layin haɗi guda. Abin da ya sa ba a cika yi wa PVC mai tauri haka ba shi ne ba ya jure dogon zama a zafi. In ya maƙale a lungu yana ƙonewa, ya fitar da iskar asid mai cin ƙarfe. Shi dole hanyarsa ta zama gajera, sumul, ba lungu.

A bakin kan injin bututu akwai notuna kewaye da zoben waje, waɗanda mai kula da inji ke ɗaurewa ko sassautawa don ya daidaita ratar. Suna gyara bututun da ya yi kauri ta gefe ɗaya ya sirance ta ɗayan. Ba sa gyara kaurin da ke hawa da sauka sau da yawa a kewayen zoben, domin wannan daga ciki yake. A manyan bututu masu kaurin bango ma da gangan ake buɗe ratar sama fiye da ta ƙasa, saboda robar ciki tana zubowa ƙasa kafin ta daskare.

Masu leda suna da wata dabara da ya kamata a fahimce ta da kyau. Ana sa kan injin ko na'urar da ke janye ledar ta riƙa juyawa a hankali, don kada wuri mai kauri ya riƙa faɗawa a layi ɗaya ya yi tudu a jikin naɗin. Naɗin yana fitowa sumul, amma siririn wurin yana nan, yawo kawai aka sa shi yi.

Magagari ko kwamfuta

Hanyar gargajiya ita ce a sassaƙa, a ɗora, a gwada, a sauke, a goge nan da magagari, a cike can da walda, a sake ɗorawa. Siffa mai lunguna tana iya cin zagaye da yawa, kuma kowane zagaye inji ne a tsaye da roba a ƙasa. Ɗaya hanyar ita ce a kwaikwayi gudun robar a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe. Akwai manhajojin kasuwa irin su Polyflow, akwai na kyauta irin su OpenFOAM, kuma masu bincike a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal sun daɗe suna aiki a kan manhajar da ke gyara zanen da kanta har gudun ya daidaita.

Masu goyon bayan kwamfuta suna da gaskiya cewa tana nuna abin da ido ba ya gani, kamar lungun da roba ke maƙalewa, kuma tana rage yawan gwaji. Masu magagari su ma suna da gaskiya cewa amsar kwamfuta ba ta wuce bayanan da aka ba ta. Sai an auna danƙon robar a ɗakin gwaji a zafi da gudu daban-daban, kuma in ba wannan robar aka zuba a inji ba, lissafin na wata roba ne. Inda aikin ya fi kyau, kwamfuta ce ke kawo zanen kusa, hannun ƙwararre ya ƙarasa.

In roba ta canza

Wannan ne ya fi shafar masana'antunmu. Daidaiton kan inji ba dawwamamme ba ne. An yi shi ne don roba iri kaza, a zafi kaza, da gudu kaza. Tsawon milimita 34 na misalin baya ya dogara da yadda wannan robar ke tsinkewa. In aka kawo wadda ba ta tsinkewa sosai, zai nemi ya kai 40 ko fiye.

Masana'anta a nan kuwa ba kullum take samun roba iri ɗaya ba. Yau ta kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, gobe wadda aka shigo da ita daga waje, jibi a gauraya da niƙaƙƙiyar robar da 'yan jari-bola suka tattaro. Sake sarrafa tsohuwar roba abu ne mai amfani, yana rage shara yana ba dubban mutane abinci, amma danƙonta yana bambanta daga buhu zuwa buhu, kuma yashin da ke cikinta yana cinye ƙarfe a hankali har ratar ta canza. Kan injin da aka sayo daga Sin ko Indiya an daidaita shi ne da robar can. Ga ɗaukewar wuta, wadda ke barin PVC a cikin ƙarfe mai zafi, sannan in an tayar sai an zubar da kaya kafin zafi ya sake zama ɗaya ko'ina. Ana iya niƙa ɓarnar a mayar, amma wutar da ta ci ta tafi, kuma tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024 (a lokacin naira 225 kowane kilowat a awa), wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Abin da ya iso ga mai saye

Kaya ta wurin da suka fi siranta suke mutuwa, shi ya sa ƙa'idojin bututu ke ƙayyade mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a samu a kowane wuri na bango. Bututun folitin na ajin PE100 mai faɗin milimita 110, wanda aka rubuta wa PN16, wato ajin matsin ruwan da yake iya ɗauka, bangonsa bai kamata ya gaza milimita 10 ba. In ya zama 9 ta gefe guda 11 ta ɗayan, nauyinsa bai canza ba, sikeli ba zai nuna komai ba, amma wahalar da siririn gefen ke sha ta ƙaru da wajen kashi 12 cikin ɗari, kuma a ƙarƙashin ƙasa zai yi shekaru yana shan ta.

Mai masana'antar da kan injinsa bai daidaita ba yana da zaɓi biyu: ya ƙara roba ko'ina don siririn wurin ya kai ƙa'ida, ko ya bar shi a ƙasa da ita. A koma ga ledar Legas. In kaurinta na hawa da sauka da kashi 10 cikin ɗari, sai matsakaicinsa ya wuce maikiron 44 kafin siririn wurin ya kai 40. In da kashi 3 ne, maikiron 41 da ɗan ɗori ya isa. Tsakanin su akwai roba wajen kashi 8 cikin ɗari, a sana'ar da roba ce mafi yawan kuɗin kaya. Wannan bambancin ko dai ya hau kan farashi, ko ya fita daga inganci. Haka kuma mai awon da ya ɗora leda a sikeli ya fitar da matsakaici da wanda ya bi ta wuri-wuri da ma'aunin kauri za su iya yanke wa leda guda hukunci biyu, abin da ke sa hanyar awo ta zama rabin kowace doka irin wannan.

Ɗaga bututu a ji nauyinsa, kamar yadda aka saba a kasuwa, ba ya faɗin rabon bango, kuma yana iya ruɗarwa ta wata fuskar: garin farar ƙasa da ake gaurayawa da PVC ya kusa ninka robar nauyi, don haka bututun da aka cika masa gari ya fi nauyi a hannu kuma ya fi saurin fashewa. Abin da mai aikin famfo ko mai haƙa rijiyar burtsatse zai iya yi shi ne ya duba rubutun jikin bututun, faɗi da kauri da aji da alamar MANCAP ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, in na gida ne, sannan ya yanka ɗan guntu ya auna bangon a wurare shida ko takwas kewaye da zoben. Mafi ƙanƙantar lambar da ya samu ita zai gwada da wadda aka rubuta.